Tarihin Jakar Iska ta Mota: Wa Ke Ba Ta Umurnin Fita?

 Yau hirarmu ta tarihi a kan wani abu ce da ke ɓoye cikin mota. Ba a ganinsa sai ranar hatsari. Sunansa jakar iska.

Wanda ya taɓa ganin ƙaramar motar da ta yi karo, wataƙila ya ga wani farin ƙyalle yana reto daga tsakiyar sitiyari, kamar buhun da aka zazzage. Wannan ita ce jakar iska bayan ta gama aikinta. Kafin karo, tana naɗe cikin sitiyari. Wata kuma tana naɗe gaban wanda ke zaune kusa da direba. In mota ta yi karo mai tsanani, sai jakar ta kumbura nan take, ta tare kan mutum da ƙirjinsa, don kada su bugi ƙarfe ko gilashi.

Ana yawan gardama a tasha da gareji kan wannan jaka. Wani ya ce: "Motar wane ta lotse sarai, amma jaka ba ta fito ba." Wani ya ce: "Ta wane ko gudun kirki ba ta yi, sai ga jaka ta fito." To, me ke sa ta fita? Wa ke ba ta umurni? Amsar tana cikin tarihinta. Ɗinka jakar bai ba masu ƙira wuya ba. Abin da ya ci musu shekara kusan 40, shi ne samo abin da zai gane karo, ya ba da umurni a kan kari.

Karo biyu cikin hatsari ɗaya

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ku ɗora ƙwaryar fura a kan amalanke, jaki yana ja da sauri. In jakin ya tsaya kwatsam, ina furar za ta zube? Gaba za ta zube. Amalanke ya tsaya, fura ba ta tsaya ba.

Haka jikin mutum yake cikin mota. In mota tana gudun kilomita 60 a awa, kai ma da ke zaune ciki gudun kilomita 60 kake yi. In motar ta bugi bango ta tsaya, jikinka zai ci gaba da tafiya, har sai wani abu ya tare shi. Saboda haka kowane hatsari karo biyu ne. Na farko, mota ta bugi abu. Na biyu, mutum ya bugi cikin mota. Karo na biyun nan ne ke fasa kai, ya karya ƙirji.

Tsakanin karo na farko da na biyu akwai ɗan lokaci, amma ƙanƙane ne ƙwarai. Kun san awa tana da minti 60, minti kuma yana da sakan 60. To, ku ɗauki sakan ɗaya ku raba shi kashi 1000. Ƙiftawar ido ɗaya takan ci kashi 100 ko fiye. Ita kuwa jakar iska, dole ta cika cikin kashi 60 zuwa 80 bayan mota ta taɓa abu. Ke nan kafin ka ƙifta ido an gama kome. Ku riƙe wannan lissafi, za mu yi ta komawa gare shi.

Masu dabarar farko: 1951 zuwa 1953

A shekarar 1952, wani injiniya mai suna John Hetrick yana tuƙa mota a jihar Fensilbaniya, cikin ƙasar Amurka. Matarsa da ƙaramar ɗiyarsu suna zaune gaba tare da shi. Sai ga dutse a kan hanya. Ya taka birki, ya kauce, mota ta faɗa kwari. Shi da matarsa duk suka miƙa hannu don su tare yarinyar kada ta bugi gaban mota. Ba wanda ya ji rauni. Amma Hetrick ya koma gida yana tunani: me zai hana a yi wani abu da zai fito da kansa ya tare mutum, kamar yadda hannun uwa ke yi?

Dā ma ya yi aiki da sojan ruwa. A can ya ga ƙarfin iskar da aka matsa cikin tulun ƙarfe. Ya zana matashin da irin wannan iska za ta kumbura. A 1953 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar shaida cewa dabarar tasa ce. Kamfanonin mota ba su karɓe ta ba a lokacin.

A ƙasar Jamus ma, wani mai suna Walter Linderer ya kai irin wannan dabara gaban hukuma a 1951, aka ba shi takarda a 1953. Shi ma da matsattsiyar iska ya yi tasa. Ya ce hanya biyu za a bi a saki iskar: ko dai ƙarfen da ke gaban mota ya taɓa abu, ko kuwa direba ya sake ta da hannunsa.

Duk hanyoyin nan biyu suna da aibi. Hannun direba ba shi da saurin da ake bukata. Kafin ido ya gani, kai ya gane, hannu ya motsa, an riga an yi karo an gama. Ƙarfen gaba kuma bai san bambancin ɗan gugar juna a kasuwa da karon mutuwa ba. Bayan haka, gwaje-gwajen da aka yi a shekarun 1960 sun nuna matsattsiyar iska ba ta cika jaka da saurin da ya kamata. Ga jaka an samu, amma babu mai gaya mata lokacin fita, kuma babu abin cika ta da sauri.

Ana cikin wannan nema, sai wani maganin ya riga ta isowa. A 1959, injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo, a ƙasar Suwidin, ya fito da ɗamarar kujera irin wadda muka sani yau, mai bi ta kafaɗa da ƙugu. Kamfanin ya bar kowa ya yi irinta kyauta. Ku lura da wannan: ɗamara ce babba, jakar iska ƙanwarta ce.

Ƙwallon ƙarfe cikin bututu

A 1964, wani mutumin Japan mai suna Yasuzaburo Kobori ya fara aiki a kan jakar da ɗan abin fashewa zai cika, maimakon matsattsiyar iska. Ya rasu a 1975, bai ga yaɗuwar dabararsa ba.

Saura mai ba da umurni. Wannan kuwa ya fito daga hannun wani Ba'amurke, Allen Breed, wajen 1967. Dā aikinsa ƙera wa soja na'urar da ke tayar da abin fashewa a daidai lokacin da ake so. Ga yadda na'urarsa ta jin karo take.

Akwai ɗan gajeren bututu, an kwantar da shi yana kallon gaban mota. Cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe, kamar ƙwayar boris. A gindin bututun, ta baya, akwai mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, yana riƙe da ƙwallon. A bakin bututun, ta gaba, akwai wayoyin lantarki biyu da ba su haɗu ba.

In direba ya taka birki, ƙwallon yana son ya yi gaba, kamar furar nan ta kan amalanke. Amma mayen ƙarfe ya fi shi ƙarfi, sai ya riƙe shi. In mota ta faɗa ƙaramin rami, ƙwallon yakan ɗan zabura, amma girgizar ba ta daɗewa, sai maye ya maido shi. In kuwa mota ta bugi bango, tsayawar tana da tsanani, kuma tana ɗorewa. Sai ƙwallon ya ƙwace daga maye, ya gangara gaba, ya haɗa wayoyin nan biyu. Wuta ta wuce, ta kunna maganin da ke cikin sitiyari, jaka ta fito.

A nan ne zuciyar maganarmu take. Ƙwallon nan bai san gudun da mota ke yi ba. Ba ya ganin lotsewar ƙarfe. Ba ya jin ƙarar karo. Abu ɗaya tak ya sani: tsananin tsayawa.

Ga misali. Mota tana gudun kilomita 50 a awa. In direba ya taka birki iyakar ƙarfinsa, za ta tsaya cikin sakan 2, bayan ta ja kamar mita 14. In kuwa bangon siminti ta buga, za ta tsaya cikin kashi 100 na sakan ɗaya, cikin tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba. Gudun ɗaya ne. Amma tsayawar bango ta fi ta birki tsanani kamar sau 20. Wannan bambancin ne ƙwallo ke aunawa. Don haka birki, kome ƙarfinsa, ba ya fitar da jaka.

Masu ƙira ba su yarda da na'ura ɗaya kaɗai ba. Sukan sa wasu a gaban mota, su sa wata dabam a tsakiya. Sai ta gaba da ta tsakiya sun yarda tare, sannan wuta ta wuce. Kamar alƙali ne da ba ya yanke hukunci da bakin shaida ɗaya.

Abin da ke cika jakar

Ko da yake muna cewa jakar iska, ba famfo ke hura ta ba. Cikin sitiyari akwai ɗan gwangwanin ƙarfe mai ƙwayoyin wani magani. A jakunkunan farko sunan maganin sodiyam azaid. In wuta ta taɓa shi, sai ya ƙone nan take, ya zama gas mai yawa da ake kira nitirojin. Gas ɗin nan ba baƙo ba ne: kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne. Motocin baya-bayan nan suna aiki da wasu magunguna dabam, amma dabarar ɗaya ce.

Jakar direba tana cin kamar lita 60, wato jarka 3 masu lita 20. Tana fasa murfin sitiyari ta fito da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. A bayanta akwai huji. Da jikin mutum ya faɗa mata, sai gas ya riƙa fita ta hujin, ta saki a hankali. Sakin nan ne ke tare mutum da taushi. Da ba ta da huji, da buga ta kamar buga buhun gero ne. Farar ƙurar da ake gani bayan ta fito takan tsoratar da mutane, su zaci gobara ce. Galibi garin hoda ne da aka barbaɗa don kada jakar ta manne, da ɗan hayaƙin magani.

Daga gwaji zuwa kasuwa

A 1971 kamfanin Ford ya sa jakar iska cikin wasu motocin gwaji. A 1973 kamfanin General Motors ya sa ta cikin motoci 1000 ƙirar Chevrolet. Daga 1974 zuwa 1976 ya sayar da ita ga wanda ke so, cikin manyan motocinsa. Masu saye ba su wuce kamar 10,000 ba, sai kamfanin ya daina.

A wancan zamani yawancin mutanen Amurka ba sa ɗaura ɗamara. Shi ya sa wasu suka ɗauka jaka za ta maye gurbin ɗamara. Jamusawa suka bi wata hanya. A 1981 kamfanin Mercedes-Benz ya fara sayar da mota mai jakar iska a Turai, ya haɗa aikinta da na ɗamara. Na'urar da ke ba jaka umurni, ita ce kuma ke sa ɗamara ta tsuke, ta manna mutum da kujera. Wannan hanya ce ta ɗore. Ku duba tsakiyar sitiyari, za ku ga haruffa uku: S, R, S. Wani lokaci da kalmar AIRBAG kusa da su. Haruffan nan taƙaitawa ce ta Ingilishi, ma'anarsu kuwa: abin tsaro na ƙari. Ƙari ne a kan ɗamara.

A Amurka an daɗe ana ja-in-ja tsakanin gwamnati da kamfanoni, don kamfanoni suna kukan tsada. A 1984 gwamnati ta ba da umurni sababbin motoci su zo da abin tsaro mai aiki da kansa. Ranar 12 ga Maris 1990, a jihar Birjiniya, motoci biyu ƙirar Chrysler suka yi taho-mu-gama. Shi ne karo na farko da aka sani tsakanin motoci biyu masu jakar iska. Motocin sun lalace, amma direbobin biyu sun tsira da ƙananan raunuka. A 1991 aka yi dokar da ta ce, daga watan Satumba na 1997, kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka ta zo da jaka biyu a gaba, ta direba da ta wanda ke gefensa.

Kwamfuta ta karɓi aikin ƙwallo

Ƙwallo cikin bututu ya yi aiki, amma amsa biyu kaɗai ya iya: i, ko a'a. A 1991 wani kamfanin Amurka mai suna Analog Devices ya nuna sabuwar na'urar jin karo, a 1993 ta shiga kasuwa da yawa. Wurin da ke motsi cikinta bai kai ƙwayar gero ba. Yana kama da haƙoran mataji guda biyu da aka sarƙe. In mota ta tsaya kwatsam, haƙoran ɗaya sukan ɗan matsa kusa da na ɗayan, sai wutar da ke tsakaninsu ta sake. Da wannan sakewar ake auna tsananin tsayawa. Dabarar ita ce dai ta furar kan amalanke, an dai ƙanƙanta ta.

A motocin yanzu akwai wata ƴar kwamfuta, galibi a tsakiyar mota, kusa da giya. Tana sauraren na'urorin nan sau 1000 ko fiye cikin kowane sakan. In ta ji bugu, sai ta yi wa kanta tambayoyi huɗu:

1. Tsayawar nan, yaya tsananinta?
2. Ta daɗe, ko kuwa girgiza ce ta wuce?
3. Daga ina bugun ya fito: gaba, gefe, ko baya?
4. Wa ke zaune a kujera, kuma ya ɗaura ɗamara?

Tana yanke shawara cikin kashi 15 zuwa 30 na sakan ɗaya. Tana kuma ajiye ƴar wuta cikinta, don ko karo ya tsinke wayar batir, ta iya ba da umurni.

To, ina iyakar? Hukumar kiyaye haɗarin mota ta Amurka ta ce jakar gaba tana fita in tsananin karo ya kai na bugun bangon da ba ya motsi da gudun kilomita 13 zuwa 23 a awa, ko fiye. Kada ku raina wannan gudu, don bango ba ya ja da baya. In motar da ke ajiye ka buga, mai girman taka, sai gudunka ya kai ninki biyu, wato kilomita 26 zuwa 45, sannan tsananin ya zo ɗaya. Dalili kuwa, motar da ka buga za ta lotse, ta kuma matsa, ta sha rabin bugun.

Yanzu mu koma ga gardamar gareji.

In an bugi mota ta baya, jakar gaba ba ta fita. Bugun baya yana tura mutum cikin kujerarsa ne, jaka ba ta da abin tarewa.

In an bugi mota ta gefe, wata jaka ce dabam ke fita, daga cikin kujera ko ƙofa. Volvo ne ya fara sa ta a 1994. A 1998 aka ƙara wata mai saukowa daga rufin mota kamar labule, don tare kai. Jakar gefe ta fi ta gaba gaggawa, cikin kashi 10 zuwa 20 take fita, don tsakanin ƙofa da haƙarƙarin mutum bai wuce taƙi ɗaya ba.

In mota ta lotse sosai amma jaka ba ta fito ba, sau da yawa ƙarfen sama mai taushi ne ya sha bugun, mota ta tsaya sannu-sannu. An ƙera gaban mota don ya lotse, lotsewar ce ke rage wa mutum bugu. Haka kuma in ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin bayan kamiyo, bugun ba ya samun ƙashin motar da wuri. Jaka tana iya makara, ko ta ƙi fita, alhali hatsarin mugu ne.

In kuwa jaka ta fito ba a cikin babban gudu ba, ku duba abin da aka buga. Itace, ginshiƙin gada, ko bakin rami mai zurfi da ya bugi ƙashin mota ta ƙasa, duk ba sa ja da baya. Suna tsai da mota kamar bango.

Darasi mai ɗaci

Tarihin nan yana da wurin baƙin ciki. Jakunkunan shekarun 1990 an yi su da ƙarfi ƙwarai, don su tare ƙaton mutum wanda bai ɗaura ɗamara ba. Sai ƙarfin ya zama masifa ga ƙanana. Daga 1990 zuwa 2008, hukumar Amurka ta ƙirga mutane fiye da 290 da jakar gaba ta kashe cikin ƙananan haɗurra, waɗanda da babu jakar da sun rayu. Yawancinsu yara ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 ba su ɗaura ɗamara ba, ko ba su ɗaura ta daidai ba.

Yaya haka ta faru? Kafin karo direba yakan taka birki. Wanda bai ɗaura ɗamara ba sai ya zame gaba, ya manne da murfin jaka. Jakar kuwa tana bukatar fili don ta buɗe. Wanda ya faɗa mata bayan ta cika, matashi ya samu. Wanda ta tarar a bakin ƙofarta, naushi ya samu, mai gudun kilomita 300.

A 1997 aka yarda kamfanoni su rage ƙarfin jakunkuna. Daga 2006, kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka tana da jaka mai lura da wanda ke zaune. Akwai ma'auni cikin kujera. In ya ji nauyin ƙaramin yaro, sai kwamfuta ta hana jakar fita, ko ta rage mata ƙarfi. Amma yawancin motocin da aka ƙera kafin nan ba su da wannan wayo.

Wata masifar kuma daga magani ta fito. Kamfanin Takata na Japan ya cika miliyoyin jakunkuna da wani magani mai araha, amoniyam naitiret, irin wanda ke cikin wani takin zamani. Ashe zafi da laima suna ɓata shi in ya daɗe. In ya ɓaci, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima, ya tarwatsa gwangwaninsa, ɓarɓashin ƙarfe ya soki mutum. Mutane fiye da 25 suka mutu a Amurka kaɗai. A can aka yi kiran a maido jakunkuna kamar miliyan 67 don a sake su. A 2017 kamfanin ya karye.

Duk da haka, alherin jakar ya rinjayi sharrinta nesa ba kusa ba. Hukumar Amurka ta ƙiyasta cewa daga 1987 zuwa 2017 jakar gaba ta ceci rai fiye da 50,000 a ƙasar.

Abin da ya shafe mu

Me ya haɗa mu da tarihin Amurka da Jamus da Japan? Motocinsu ne muke hawa. Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa an yi aiki da su a Turai ko Amurka, sannan suka iso mu ta tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatano da Lome. Wata ta shekara 15, wata ta shekara 25. Kowace ta zo da jakar zamaninta. Wata mai ƙarfin dā ce. Wata tana iya zama cikin waɗanda aka yi kira a sake, ba a sake ta ba. Wata kuma ta taɓa yin hatsari a can, aka rufe murfin sitiyari babu kome ciki. Saboda haka ga abubuwa shida da ya kamata mu riƙe.

1. A ɗaura ɗamara kullum, ko tafiyar cikin gari ce. An yi lissafin lokacin jaka ne da zaton kana manne da kujerarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. Yara masu shekara 12 zuwa ƙasa su zauna baya. Uwa kada ta rungumi jariri a kujerar gaba. In jaka ta fito, jaririn za ta fara samu.

3. Direba ya bar tazarar santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari.

4. Kujerar gaba ta mutum ɗaya ce. In an cusa mutum biyu, ɗaya ba shi da ɗamara, kuma yana bakin jaka. Kada a ɗora ƙafa ko kaya a kan murfinta.

5. A duba fitilar jaka, wadda ke cikin agogunan gaban direba. Hotonta mutum ne zaune da ƙwallo gabansa. In an kunna mota takan kama na ƴan sakan, sannan ta mutu. Wannan alamar lafiya ce. In ta ƙi mutuwa, ko ta ƙi kamawa sam, akwai matsala. Mai sayen mota ya duba wannan kafin ya biya kuɗi. Cire ƙwan fitila ba gyara ba ne.

6. Jakar da ta fita ta gama aiki. Ba a naɗe ta a mayar, sai dai a sa sabuwa. Wayoyinta galibi rawaya ne. Bakanike ya cire batir, ya ɗan jira, kafin ya taɓa su, saboda ƴar wutar nan da kwamfuta ke ajiyewa.

Kun ji tafiyar da aka yi, daga hannun direba a 1951, zuwa ƙwallon ƙarfe wajen 1967, zuwa kwamfuta a 1993. Yau mota tana gane karo da kanta. Amma ba ta iya ɗaura maka ɗamara, ba ta iya mai da ɗanka kujerar baya, ba ta iya rage maka gudu. Wannan aikinmu ne. Rigakafi ya fi magani.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna tsakaninku:

Me ya sa birki mai ƙarfi ba ya fitar da jakar iska?

Me ya sa bugun itace ya fi bugun motar da ke ajiye saurin fitar da ita?

In za ku yi tafiya da yaro ɗan shekara 5, ina za ku zaunar da shi, kuma don me?